Gwajin Manhaja Kafin Fitarwa da Gano Tangarɗar Manhajar Girkawa

 

 An ɗora mini yin magana a kan gwajin manhaja kafin a sake ta ga jama'a, musamman yadda ake gano tangarɗa a cikin manhajar da ke girka sauran manhajoji. Zan fara da bayanin ita wannan manhaja, in kawo abubuwan da suka taɓa faruwa, sannan mu shiga yadda ake gwaji, da yadda ake bin sawun matsala, da yadda ake kai rahotonta.

Abin da ya bambanta manhajar girkawa

Duk wanda ya taɓa rubuta apt install a kan Debian ko Ubuntu, ko pip install wajen aikin Python, ko npm install wajen aikin JavaScript, ya yi mu'amala da manhajar girkawa. Kai dai ka ambaci sunan fakitin da kake so, ka danna, ka jira. A bayan fage kuwa aiki biyar take yi a jere. Takan fara da lissafin waɗanne fakitoci ne wanda ka nema ya dogara da su, da sigar kowanne. Sai ta sauko da su daga intanet. Sai ta tantance cewa abin da ya iso shi ne abin da aka aiko, ta hanyar sa hannu da lambar tantancewa. Sai ta kwance fakitin ta zuba kowane fayil a mazauninsa. Daga ƙarshe ta gudanar da umarnin saitawa da mai fakitin ya rubuta. Ku riƙe waɗannan matakai biyar, domin za mu dawo kansu.

Abu uku ne suka sa kuskuren wannan manhaja ya fi na saura muni. Na farko iko: sau da yawa da cikakken iko take aiki, wato da sudo, babu fayil ɗin da ya fi ƙarfinta. Tamkar magini ne da aka damƙa wa makullan gida gaba ɗaya, mai gida ya kama hanyar kasuwa. In ya rushe bangon da ba shi aka ce ba, babu mai tsayar da shi. Na biyu, tana aiki a kan kwamfutocin da marubucinta bai taɓa gani ba, kowace da tarihinta da tarkacen da aka bari a cikinta. Na uku, idan ta tsaya a tsakiyar aiki, sai ta bar kwamfuta ba tsohon tsari ba sabo. Shi ya sa dpkg, wanda ke ƙarƙashin apt, yake da sunaye na musamman ga fakitin da aka girka rabi da wanda aka saita rabi.

Shi kansa matakin farko, wato lissafin dogaro, ba wasa ba ne. Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, tana ɗauke da fakiti sama da 60,000. Wannan yana buƙatar wancan, wancan ba ya jituwa da wani, wani kuma sai sigar kaza zuwa sama. Masana lissafin kwamfuta sun tabbatar da cewa zaɓen sigogin da za su zauna lafiya da juna yana cikin ajin matsalolin da ba a san wata hanya mai sauri ta warware su a kowane hali ba. Saboda haka babu marubucin da zai zauna a ɗakinsa ya gwada dukkan haɗin da zai yiwu. Dole sai da hannun jama'a.

Abubuwa uku da suka faru

A shekarar 2011 akwai wata manhaja mai suna Bumblebee, wadda ke taimaka wa masu kwamfutar hannu mai na'urar hoto ta Nvidia su yi aiki da ita a kan Linux. A cikin umarninta na girkawa akwai layin da aka nufa ya goge wata 'yar ƙaramar folda da ke can cikin /usr/lib. Sai tazara guda ɗaya ta shiga tsakanin /usr da /lib. Ga idon mutum bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga kwamfuta kuwa umarnin ya zama biyu: goge /usr gaba ɗaya, sannan ki goge wancan. A Linux, cikin /usr ne yawancin manhajojin kwamfuta suke zaune. Waɗanda suka girka wannan siga sun wayi gari da kwamfutar da sai dai a sake zuba mata babbar manhaja. Da a ce an gudanar da wannan umarni sau ɗaya tak a kan kwamfutar gwaji kafin a sake shi, da nan take asirinsa ya tonu.

Na biyu ya faru a watan Fabrairun 2018, lokacin da npm ta fitar da siga 5.7.0. An yi wani gyara ne domin daidaita mallakar folda idan an gudanar da npm da sudo, sai gyaran ya wuce gona da iri ya riƙa sauya mallakar manyan wurare irin su /etc da /usr da /boot. Sabobi suka rikice, wasu sai da aka sake gina su. Masu npm sun ce ai sigar gwaji ce, kuma gaskiya ne a ajin gwaji suka ajiye ta. Sai dai lambarta ba ta nuna haka ba. Bisa ƙa'idar lambobin siga da duniyar npm ke bi, sigar gwaji takan ɗauki ƙari a bayanta, kamar 5.7.0-beta. Wannan ba ta da shi, don haka umarnin sabuntawa ya jawo ta zuwa kwamfutocin mutanen da ba su taɓa cewa suna son gwaji ba. An fitar da 5.7.1 cikin gaggawa, amma ɓarna ta riga ta auku. Darasin nan na masu fitarwa ne: sigar gwaji ta sanya rigar gwaji, kowa ya gan ta ya gane ta.

Na uku shi ne ya fi ba da takaici. A farkon Oktoban 2018 Microsoft ta saki sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, cikin 'yan kwanaki kuma ta janye ta, saboda tana goge fayilolin wasu mutane. Matsalar ta shafi waɗanda suka karkatar da folda irin ta takardu zuwa wani wuri: manhajar sabuntawa tana share tsohuwar folda da zaton babu komai a ciki, alhali akwai. Abin lura shi ne, masu gwaji na shirin Windows Insider sun riga sun kai ƙorafin wannan tun kafin fitarwa. Rahotanninsu kaɗan ne, suka nutse cikin dubban ƙorafe-ƙorafe, ba wanda ya ɗauke su da nauyin da ya kamata. Sai tsakiyar Nuwamba aka sake sakin sabuntawar, kamfanin kuma ya ƙara wa masu gwaji wurin bayyana girman illar abin da suke kai rahotonsa.

Idan kuka haɗa ukun za ku ga inda igiya ke tsinkewa. A na farko ba a gwada ba. A na biyu an tura gwaji inda bai kamata ya je ba. A na uku an gwada, an gani, an faɗa, amma maganar ba ta isa kunnen mai gyara ba. Wannan shi ne jigon maganata a yau: gwaji bai kammala ba sai abin da aka gani ya isa ga mai gyara a siffar da zai iya aiki da ita.

Yadda gwaji ke tafiya idan an tsara shi

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana da tsarin da ya cancanci a yi koyi da shi. Sabon fakiti yakan fara shiga reshen da ake kira sid, inda komai ke iya karyewa kuma kowa ya san da haka. Idan ya yi 'yan kwanaki a can, yawanci tsakanin biyu da goma, ba a same shi da babban aibi ba, sai ya wuce reshen gwaji. Daga reshen gwaji ne ake daskarar da komai, a yi ta gyara, har a fitar da tsayayyar siga, kusan duk bayan shekara biyu. Rahotannin matsala suna da matakai bakwai na nauyi, kuma uku na sama suna iya hana fakiti wucewa ko hana a fitar da shi. Akwai kuma wata manhaja mai suna piuparts wadda aikinta ke nan: ta girka fakiti, ta sabunta shi, ta cire shi, sannan ta duba ko ya bar shara a baya.

Masu pip ma sun nuna misali mai kyau a 2020. Tsohuwar pip ba ta cika damuwa da saɓani tsakanin fakitoci ba. Takan girka abin da ta fara samu, ko da zai karya wani. Da suka rubuta sabon injin warware dogaro, ba su ɗora wa kowa shi kai tsaye ba. A siga 20.2, a watan Yuli, sun sa shi a matsayin zaɓi ga mai son gwadawa, suka yi ta roƙon jama'a su gwada su kawo rahoto. Sai a ƙarshen Nuwamba, a siga 20.3, ya zama shi ne na kowa. Duk da haka an sha kuka da jinkiri, domin sabon injin yakan yi ta sauko da siga bayan siga yana neman wadda za ta dace. Ku ƙiyasta yadda abin zai kasance da babu waɗancan watanni na gwaji.

Babbar shaida kuwa ta zo a 2024. Andres Freund, injiniya a Microsoft kuma ɗaya daga masu gina PostgreSQL, yana aiki a kan Debian sid sai ya lura shiga kwamfuta ta hanyar ssh ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, kuma yana cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima. Da wani ne, da ya ɗora laifin a kan sigar gwaji ya wuce. Shi ya bi sawu har ya kai ga xz, 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. A sigoginta 5.6.0 da 5.6.1 an dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba wani damar shiga kwamfutocin mutane. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi. Freund ya sanar ranar 29 ga Maris, 2024. A lokacin gubar tana rassan gwaji na Debian da Fedora, ba ta kai ga tsayayyar Debian ba. Ubuntu ma sai da ta ɗage sigarta ta beta ta 24.04 da mako guda domin ta sake gina fakitocinta. Rassan gwaji sun yi aikin da aka kafa su dominsa, saboda an samu mutum ɗaya da bai raina rabin daƙiƙa ba.

Ga mai son shiga wannan aiki, sharaɗi na farko shi ne kada ka gwada a kan kwamfutar da kake cin abinci da ita. Ka buɗe kwamfutar gwaji a cikin taka da VirtualBox ko QEMU, ko ka yi amfani da Docker, ka ɗauki hoton halin da take ciki kafin ka fara, domin ka iya komawa baya in ta ɓaci. Kada kuma ka tsaya ga sabuwar girkawa kawai. Yawancin tangarɗa a wajen sabuntawa daga tsohuwar siga take ɓuya, da wajen cirewa, da sake girkawa bayan cirewa. Ka cika faifai ka gani. Ka yanke intanet ana tsakiyar saukewa. Ka kashe na'urar ana tsakiyar kwancewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bin sawun tangarɗa

To, a ce girkawa ta tsaya, jan rubutu ya cika allo. Abu na farko: ka ɗauke hannunka. Da yawa daga cikinmu nan take muke fara liƙa duk umarnin da muka tsinto, mu goge wannan mu tilasta wancan, kafin a ankara mun shafe sawun ɓarawo da ƙafarmu. Ka kwafi saƙon gaba ɗaya tukuna, ka adana.

Na biyu, ka tambayi kanka a wane mataki cikin biyar ɗin nan aka tsaya, domin kowanne da irin cutarsa. Idan a wajen lissafin dogaro ne, za ka ga ana cewa fakiti kaza yana buƙatar sigar da ba za a iya girkawa ba, kuma sau da yawa dalilin shi ne an gauraya rumbunan fakiti na sigogi daban-daban. Idan a wajen tantancewa ne, lambar tantancewa ba ta dace ba, to ko saukewar ce ta yanke, ko rumbun da ka ɗebo daga gare shi yana tsakiyar sabuntawa. Wani lokaci ma agogon kwamfutarka ne ya koma baya saboda ɗan batirinsa ya mutu, sai apt ta ce takardar rumbun lokacinta bai yi ba tukuna. Idan a wajen kwancewa ne, ka duba ko faifai ya cika, musamman /boot, ko fakiti biyu suna rigima a kan fayil ɗaya. Idan kuwa an ce wani yana riƙe da makulli, to wata manhajar sabuntawa ce ke aiki a ɓoye; ka jira ta gama, kada ka fasa makullin.

Na uku, ka karanta daga kuskuren farko. Layin ƙarshe da apt ke nunawa, cewa dpkg ya dawo da lambar kuskure 1, sanarwar rasuwa ce kawai, bai faɗi cutar ba. Cutar tana sama. Idan allo ya wuce, akwai kundin aiki: /var/log/apt/history.log yana faɗin abin da aka nema da ranar, term.log da ke kusa da shi yana riƙe da duk abin da ya fito a allo, /var/log/dpkg.log kuma yana bin halin kowane fakiti daki-daki. A pip da npm akwai zaɓin ƙara yawan bayani, npm kuma takan faɗi inda ta ajiye kundinta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. Fakiti ya maƙale a matakin saitawa. Ka rubuta dpkg --audit, ya ce an saita shi rabi. Ka leƙa /var/lib/dpkg/info, ka samo fayil mai sunan fakitin da ya ƙare da postinst, wato umarnin da ake gudanarwa bayan an zuba fayiloli. A kwamfutar gwaji, ka ƙara set -x a samansa, ka sake cewa a saita. Yanzu kowane layi zai bayyana kafin a aiwatar da shi. Sai ka ga ya tsaya daidai inda yake ƙoƙarin ƙirƙiro wani asusu, alhali asusun yana nan tun daga tsohuwar siga. Ka ga dalilin da ya sa marubucin bai taɓa ganin matsalar ba: shi kullum a kan sabuwar kwamfuta yake gwadawa. Cikin minti kaɗan ka tashi daga "ba ya aiki" ka koma "layi kaza yana faɗuwa idan asusun ya riga ya wanzu". Wannan jimla ta biyu ita ce rabin gyara.

Na huɗu, ka maimaita matsalar a kan tsaftatacciyar kwamfutar gwaji, kana sauya abu ɗaya a lokaci guda. In ka sauya uku ta warke, ba ka san wanne ne maganin ba. Na biyar, idan tsohuwar siga tana aiki sabuwa ba ta yi, akwai git bisect. Kana ba shi wuri mai kyau da wuri maras kyau, sai ya kai ka tsakiya ka gwada, ya sake raba ragowar biyu. Ko da sauye-sauye 1,000 ne a tsakani, gwaji goma ya isa ya nuna maka wanda ya kawo cutar, domin biyu sau biyu har sau goma 1,024 ne.

Rahoto

Ka tuna mai karanta rahotonka ba ya ganin allonka, kuma galibi ɗan sa-kai ne da ke wannan aiki bayan ya tashi daga nasa. Ka fara duba ko wani ya riga ka. In haka ne, ka ƙara abin da ka sani a kan nasa. In babu, ka rubuta sigar manhajar da ta babbar manhajar kwamfutarka, ainihin umarnin da ka bayar, abin da ka sa ran gani, da abin da ya faru. Ka liƙa saƙon kuskure a rubuce, kada ka ɗauki hoton allo da waya, domin ba a iya bincike a cikin hoto. Ka share kalmar sirri da sunayen mutane daga kundin kafin ka tura. Matsala ɗaya, rahoto ɗaya. Idan an yi asarar fayiloli ko kwamfuta ta ƙi tashi, ka faɗi haka a layin farko. Abin da ya faru da Windows a 2018 ya ishe mu wa'azi. A Debian akwai reportbug da ke tattara yawancin bayanan nan da kansa. Bayan ka tura kada ka ɓace. Za a yi maka tambaya, za a ce ka gwada gyara, kuma rahotanni da yawa sun mutu ne saboda mai su bai sake waiwayowa ba.

Kammalawa

Ƙannena ɗalibai, wani zai ce wannan aikin manya ne na ƙasashen waje. Ina so ku duba abin da ke hannunku. Yawancin masu rubuta waɗannan manhajoji suna zaune inda ba a ɗauke wuta, intanet ba ya yankewa, kwamfutocinsu sababbi. Ku kuwa kun san ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa, kun san data ta ƙare saura kaɗan a gama saukewa, kun san tsohuwar kwamfuta mai mataccen batirin agogo. Sunayenku suna ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, kuma manhajar girkawa da ba a gwada ta da irin waɗannan haruffa a sunan folda ba tana iya tuntuɓe a kansu. Akwai saitin harshen Hausa na Nijeriya, ha_NG, a cikin Linux, kuma ba kowane mai fakiti ne zai tuna ya gwada da shi ba. Yanayin da wasu sai sun ƙirƙira a ɗakin gwaji, ku a cikinsa kuke kwana kuke tashi.

Saboda haka roƙona gare ku mai sauƙi ne. Ubuntu tana fitar da siga duk Afrilu da Oktoba, kuma kafin kowace akwai beta. Ku sauke ta gaba, ku zuba a kwamfutar gwaji, ku girka, ku sabunta, ku cire, ku yanke mata wuta. Abin da kuka gani ku rubuta shi yadda na bayyana, ku tura, ku tsaya har a rufe maganar. Ga malamai kuma, ina ba da shawarar a sa rubuta rahoton matsala ɗaya na gaske cikin aikin da ake ba ɗalibi maki a kansa kafin ya kammala karatu.